Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Lakar da Baffa ya ce mun wanke

Makon jiya na tsaya a rasuwar Abba da yadda ɗawainiyar karatuna ta koma hannun Baffa. Na so in tsallake abin da ya biyo baya in kai ku Samaru kai tsaye, amma kwana uku ke nan ina kwana ina tashi da wata magana tasa, don haka gara in fitar da ita in huta.

"Mun wanke laka daga ƙafarmu, kai kuma kana so ka mayar da mu cikinta."

A wani kafe ya faɗa mini haka, a Tudun Wada, lokacin rajistar jarrabawar JAMB ta 2008. Shi ya sayi katin a banki, shi ya kankare shi da makullin babur ɗinsa, shi ya ja kujera ya zauna kusa da yaron da ke buga kwamfuta. Ni ina tsaye a bayansu riƙe da hotona. Janareto na ta ƙara a waje, mutane sun yi layi har bakin titi. Yaron ya cike suna da ranar haihuwa da ƙaramar hukuma, ya iso wurin zaɓin jami'a, muka haɗa baki muka ce Ahmadu Bello. Da ya tambayi kwas, na ce zanen gine-gine, Baffa ya ce likitanci. Yaron ya ɗauke hannunsa daga kan maɓallai ya dube mu. A nan Baffa ya juyo ya faɗi maganar, da murya ƙasa-ƙasa, amma duk wanda ke cikin shagon ya ji. Ya ƙara da cewa shi bai ga amfanin birkila mai digiri ba.

Na ce, "Baffa, ku yi haƙuri, ba birkila ba ne." Ya ce wa yaron, "Saka masa likitanci."

Wanda bai san yadda fom ɗin yake ba zai ce ai ba wani abu, sai a canza daga baya. To, matsalar a darussa take. Darasi huɗu ake rubutawa, jimlar maki 400. Mai neman likitanci Turanci zai rubuta da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Mai neman zanen gine-gine kuwa dole ya haɗa da Lissafi da Fiziks a kan Turancin, sannan ya ɗauki na huɗu, kamar Kemistiri ko Jogirafi. Da aka cire Lissafi aka sa Bayoloji, ƙofar ta rufe har shekara ta zagayo, ko da na ci maki nawa. Na san haka tun ina tsaye a wurin, domin na karance littafin jagorar da ake bayarwa tare da katin har gefensa ya yi baƙi. Baffa bai taɓa buɗe shi ba.

Duk wanda ya san gidanmu ya san lakar da yake nufi. Kakanmu, Baba Tsoho, magini ne, ubansa ma magini ne. Su Abba da Baffa sun taka ƙasa tun suna yara kafin boko ya ɗauke su, kuma Baffa bai taɓa yafe wa wannan ƙuruciyar ba. Ni kuwa da aka sa mini sunan tsohon, a gindinsa na tashi. Lokacin da na yi wayo ya daina hawa bango, sai dai a zo a ɗauke shi ya duba gyara. Idan za a yi yaɓe a gida kafin damina, zai zauna a bakin zaure ya ce, "Takwarana, ɗebo mini." In kawo masa cikin tafin hannu, ya murza, ya sansana, ya ce a ƙara ciyawa, ko ya ce a bar ta ta ƙara kwana. Shi ya nuna mini yadda ake jera tubali, faɗin a ƙasa, tsinin a sama, a cike tsakaninsu da laka. Shi ya gaya mini dalilin da ya sa ake neman azara daga giginya, saboda gara ba ta cin ta da sauƙi, da dalilin da ya sa ake shafa makuba ta kwasfar ɗorawa don ruwa ya zame. Rufin zauren gidanmu ɗaurin guga ne, aikin hannunsa. Na sha kwanciya rigingine a kan tabarma ina bin bakan gizon da ido, daga inda ya taso a jikin bango zuwa inda ya haɗu da ɗan'uwansa a tsakiya, ina ƙoƙarin gane abin da ya hana shi faɗowa. Da gawayi na fara zana shi a bayan kwalin sukari.

Wata Juma'a, ina aji biyu na ƙaramar sakandare, ya riƙe hannuna bayan an idar da salla ya kai ni cikin tsohon masallacin da ke ƙofar fada, wanda sabon gini ya lulluɓe. Ya ce aikin Babban Gwani ne, Muhammadu Durugu, tun zamanin Sarki Abdulkarimu. Bai yi mini wani dogon bayani ba. Ya ɗora tafina a jikin ginshiƙi ɗaya ya ce in ɗaga kai. Daga baya, da na shiga jami'a, na tarar da wannan masallacin a cikin darasi, da zanensa da awonsa, malami yana nuna shi a allo ga ɗaliban da suka zo daga Legas da Inugu da Jos. Ranar na tuna da maganar Baffa har na kasa rubutu. Lakar da ya ce mun wanke, ita ce ake ba mutane maki a kanta.

Na rubuta jarrabawar 2008 da fensir, don a lokacin ba a koma kwamfuta ba. Ban yi wasa da ita ba, Allah shi ne shaida, ko da yake har yau akwai masu cewa a dangi da gangan na ƙi ci. Na haura 200 da kaɗan, kuma likitanci a Zariya ba a shigarsa da irin wannan makin. Sunana bai fito ba. Baffa ya ce kuɗinsa sun tafi a banza, ya ce ba zai ƙara sayen wani kati ba sai dai in zo shagonsa na kayan gini in riƙa rubuta rasit. Abin da ya fi ci mini rai ke nan: mutumin da ke cin abinci da siminti da rodi da kwano, shi ne yake ƙyamar in koyi tsara abin da za a yi da su. Na yi wata bakwai a shagon. Ba abin da zan ce game da su.

Inna ce ta sayi kati na biyu. Kwasar adashinta ta zo, wadda ta yi niyyar sayen buhun gyaɗa da ita, ta ƙulle kuɗin a bakin zane ta kira ni ɗaki bayan isha'i. Ba ta kiran sunana saboda na surukinta ne. Ta ce, "Mai sunan Malam, abin da kake so ɗin nan, akwai shi da gaske a makarantar?" Na ce akwai, Inna. Ta ce, "To je ka rubuta shi, kada ka gaya wa kowa sai ya fito." Yaya ta ƙara mini kuɗin mota daga gidan mijinta. Na koma kafen nan dai, ni kaɗai, na zauna a kujerar da Baffa ya zauna.

Saura darasin zanen nan da ake kira TD. Makarantarmu ba ta da malaminsa tun da na shiga har na fita, akwai allunan zane a wani ɗaki a kulle, ƙura ta rufe su. Na ɗauki Kemistiri a matsayin na huɗu, kuma takardar NECO ɗina tana da kiredit biyar ɗin da ake nema, har da Turanci da Lissafi da Fiziks. Amma tsoro ya kama ni cewa zan je in tarar da yaran da suka shekara uku suna riƙe da rula, ni ko fensirin zane ban iya feƙewa ba. Wani dattijo a unguwarmu, wanda ya yi ritaya daga aikin zanen taswirar gidaje a ma'aikata, shi ya taimake ni. Kullum bayan la'asar ina zuwa soronsa. Ya manna mini takarda a allo, ya ba ni doguwar rular nan mai kai, ya sa ni jan layi a kwance, layi a tsaye, sati biyu ba abin da nake yi sai layi. In na danna fensir da ƙarfi ya buge mini hannu. Sai da ya gamsu sannan ya ce in je in auno zauren gidanmu in zana shi kamar an yanke rufin ana kallonsa daga sama. Da igiya na auna, Baba Tsoho yana riƙe da ɗaya bakin, idonsa ya riga ya yi rauni, yana tambayata kamu nawa na samu. Kaurin bangon a ƙasa ya ba ni mamaki da na gan shi a takarda, ya kusa ninka na sama.

Dattijon nan ne ya gaya mini cewa sashen da nake nema ya girmi jami'ar kanta. A Ibadan aka fara shi a 1952, aka dawo da shi Zariya a 1955, ita kuwa jami'ar sai 1962 aka kafa ta. Ya kuma ce in shirya wa doguwar tafiya: shekara huɗu na digirin farko, biyu na biyu, sannan aiki a ƙarƙashin wani da jarrabawar ƙwararru kafin a yi wa mutum rajista a kira shi akitek. Ban gaya wa Inna wannan lissafin ba sai da na shiga aji uku.

Zanen zauren yana nan a wurina, kuma shi kaɗai ya rage. A 2014 Baffa ya sa aka rushe zauren aka yi shaguna uku na bulo. Ina Samaru lokacin, ba wanda ya kira ni. Na dawo na tarar da azarar a jibge a bayan gida ana sara ana girki da ita. Na ɗaga guda ɗaya, lafiyarta ƙalau, ko huda babu. Da na yi magana aka ce gidan gado ne kuma shi ne babba. Haka ne, shi ne babba, ya riƙe mu, ya biya kuɗin makarantar ƙannena har suka gama, ban manta ba kuma ba zan manta ba. Amma ya wanke lakar da yake son wankewa, kuma bai tambayi kowa ba.

Na yi gaba da yawa. A 2009 na sake rubutawa, na samu 241. Sai jarrabawar tantancewa da jami'o'i suka fara yi da kansu tun 2005. Ranar na shiga motar haya daga Ƙofar Doka tun da asuba, muka bi ta Kwangila, na sauka a bakin babbar ƙofa. A Zariya aka haife ni amma ban taɓa taka cikin jami'ar ba sai ranar. Bayan mun fito na tambayi hanya zuwa tsangayar da sashen yake, na leƙa ta taga. Tebura ne manya a jere, takardu a manne a bango, ƙananan gidaje na kwali a kan kowane tebur, wani ɗalibi yana barci a kan benci da fensir a bayan kunne. Na daɗe a tsaye.

Shekarar aka yi yajin aikin malaman jami'a na wata da watanni, komai ya tsaya. Cikin wannan jiran Baba Tsoho ya rasu, ana tsakiyar damina. Kwana biyu kafin nan ya tambaye ni ko takardar ta fito, na ce tukuna. Ya ce, "Za ta fito, takwarana." Ya ce in duba indararon zaure, yana jin ruwa na zuba ta inda bai kamata ba. Na hau na duba, ya toshe da ganye.

Da sunaye suka fito na ga nawa, na fara zuwa wurin Inna. Ta yi shiru, ta share ido da gefen mayafi, ta ce in je in gaya wa Baffa da bakina kafin ya ji a waje. Na same shi a zauren yana cin tuwo. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa takardar da na bugo a kafe. Ya wanke hannu, ya karanta, ya sake karantawa. Ya tambayi wanda ya saya mini kati, na gaya masa. Ya ninke takardar ya miƙo mini, ya ce, "Nawa ne kuɗin rajistar?" Na faɗa. Ya ce in zo shago gobe da safe in karɓa. Bai ce Allah ya sa albarka ba, na jira har ya ja kwanon tuwonsa ya ci gaba da ci, sannan na tashi.