Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Haruffa Biyu a Gindin Zane

Makon jiya na tsaya a inda kuɗin tallafin karatu suka yi jinkiri, na koma sayen littattafai kwance. A birnin Riyo na ƙasar Birazil ana kiran shagunan tsofaffin littattafai "sebo", kuma can na zama ɗan gida.

Wata Asabar ruwan sama ya tsare ni a ɗaya daga cikinsu. Ina ta birkice kwali sai hannuna ya faɗa kan wani littafi da ya sha jiki, takardunsa sun yi ja, gara ta ci gefe guda. Bangon ne ya riƙe ni: launi ɗaya shimfiɗe, a tsakiya ɗan zane baƙi da fari, a gindinsa haruffa biyu ƙanana kamar ƙwayar gero, SR.

Na tambayi dattijon mai shagon ko wane ne. Ya sauke tabarau ya ƙare mini kallo, wai ni baƙo ne na tambaya, 'yan gari ba sa tambaya.

Tomás Santa Rosa ke nan. An haife shi a 1909 a jihar Paraíba, arewa maso gabashin Birazil. Ya yi aikin banki, ya ajiye, ya sauka Riyo a 1932. Kamfanin ɗab'i na José Olympio ya riƙe shi, shi ya zana bangon littattafan marubuta José Lins do Rego da Graciliano Ramos, har da Vidas Secas na 1938, labarin iyalin da fari ya kora daga gida. Wanda ya taɓa jin kakanni na ba da labarin shekarun yunwa ba sai an yi masa dogon bayani ba. A 1943 shi ya tsara dandalin wasan Vestido de Noiva, wanda ake ɗauka mafarin wasan kwaikwayo na zamani a ƙasar. Yana kuma rubuta sharhin zane-zane a jaridu. Ajali ya riske shi a New Delhi, ƙasar Indiya, a 1956, yana da shekara 47.

Abin da ya tsaya mini a rai, marubutan da ya yi wa riga ana karanta su a kowace makaranta, shi kuwa maɗinkin sai mai tono.

Nan na tuna kawuna. Shekaru ya yi a Kano yana zana bangon littattafan soyayya, a biya shi a wuce. Da dare na kira shi.

"Kawu, kana sa sunanka a zanen nan kuwa?"

Ya yi dariya har da tari. "Kai yaro, wa ke sayen littafi don mai zane?"

Littafin dai na saye shi da kuɗin abincin kwana biyu. Yadda na ƙare da mai gidan haya a ƙarshen watan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.