Jiragen sun iso, izinin tashi bai iso ba

Shekara huɗu na yi a kwamitin da aka ɗora wa alhakin sayo wa rundunarmu jiragen leƙen asiri marasa matuƙa. Tun zaman farko hankalinmu ya tafi kan jirgin kansa: awa nawa zai yi a sama, wane nauyi zai ɗauka. Babu wanda ya tambaya ko hukumar kula da sararin samaniya za ta bar shi ya tashi. Ni ma ban tambaya ba, kuma har yau abin yana damuna.

Ƙare-ƙare ne suka fara cin lokacinmu. Duk babban da ya halarci taro sai ya ce a ƙara masa abu ɗaya tak, wannan rada (na'urar gano abu daga nesa), wancan wurin ɗaura makami. Kowane ƙari nauyi ne, nauyi kuwa mai yake sha, sai a koma kan zane, a sake gwaji daga tushe. Kamfanin bai taɓa cewa a'a ba. Sabon farashi da sabon wa'adi kawai yake aiko mana, mu kuma mu sa hannu.

Sai maganar kyamara. A wata ƙasa dabam ake ƙera ta, kuma sai gwamnatin can ta ba da lasisi kafin ta fito. Watanni muka yi muna jira. Haka Turkiyya ta gani a 2020, lokacin da Kanada ta dakatar da sayar mata kyamarorin kamfanin Wescam da ake ɗaura wa jirginta maras matuƙi, Bayraktar TB2. Tun daga nan nake bin diddigin inji da kyamara da na'urar sadarwa, in san ƙasar da kowanne ya fito, kafin in duba farashi.

Abin da ya fi min ciwo shi ne darasin yana gabanmu. A watan Mayun 2013 Jamus ta soke shirin Euro Hawk, wani babban jirgin leƙen asiri maras matuƙi, bayan ta kashe sama da yuro miliyan 500, saboda samun izinin shawagi a sararin Turai ya gagara. Na san labarin sarai, amma na ɗauka matsalar masu manyan jirage ce.

Da namu suka iso, a rumfa suka zauna ana ta musayar takardu da hukumar. Kafin izini ya fito, an riga an yi wa yawancin matasan da muka horar canjin wurin aiki. Sai da muka ɗauko wasu muka fara koya musu daga farko.