Godiya bayan sujadar godiyar kaka

Ƴan'uwa a cikin Kristi, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. Kwamitin rumbun ikilisiya na miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu a sujadar godiyar kaka ta Lahadin da ta wuce, tun daga masu dami a amalanke har iyayenmu da suka zo da tiya ɗaya ta wake ƙulle a bakin zane. Allah ya saka da alheri.

Godiya ta musamman ga manoman wajen Tibiri da Danja da bakin Gulbin Maradi da suka fidda zakka tun a gona. Duk manomi ya san inda wuyar take. Dami goma, a ware ɗaya, alhali ba a san ko sauran zai kai damina ba. Idan hatsi ya riga ya shiga rumbu hannu kan yi nauyi, yau kuɗin makaranta, gobe na magani, sai zakka ta koma tsabar da ta rage a gindin rumbu. Shi ya sa Karin Magana 3:9 ya ambaci nunan fari. Malakai 3:10 kuma ya ce a kawo zakka cikakkiya ɗakin ajiya domin abinci ya kasance a Haikali, har Ubangiji ya ce a gwada shi a gani. Kada dai a mai da ayar ciniki. Akwai mai bayarwa da aminci wanda ruwa ya ɗauke masa hatsi na cikin bununi, kuma biyayyarsa ba ta ragu da ko ƙwaya ba.

Ga waɗanda suka ci bashin hatsi da damina a hannun ƴan kasuwa: Zabura 37:21 ta kira mai cin bashi ya ƙi biya mugu. Kada wani ya ɓoye wa mai bashi dami don ya kawo majami'a. A biya bashi, a ba da gwargwadon abin da ke hannu, kamar yadda 2 Korantiyawa 8:12 ta koyar.

Zumuntar Mata, sannunku da sussuka da sheƙa da bakace. Matasa, sannu da ɗaukar kaya. Maƙwabtanmu Musulmi da suka ba da aron amalanke da tabarmi, mun gode, Allah ya bar zumunci.

Tunda amana ce kuka ba mu, ga yadda za a adana ta. Awo da tiya ake yi, buhun kilo 100 na hatsi kan ci kusan tiya 40. Mutum biyu ke awo, na uku na rubutawa, makullin ɗakin ajiya kuma biyu ne a hannu daban-daban. Ba zargi ba ne. Bulus ma bai ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, don kada a sami abin faɗa (2 Korantiyawa 8:20-21).

Wake ne mai rigima, domin ƙwaro tun daga gona yake biyo shi. Za a shanya shi har sai ƙwaya ta fashe ƙaras a haƙori. Mai shakka ya zuba ɗan wake da busasshen gishiri a kwalba busasshiya, ya rufe, ya girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran laima, a koma shanya. Daga nan sai buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje. A duba kowace leda kada ta kasance da huda, a matse iska, a ɗaure ta ciki ita kaɗai, sannan ta biyu, sannan na waje. Rashin iska ke kashe ƙwaron, ba a zuba magani. Abin da ke ɓata aikin shi ne ɓera ya huda leda, ko a riƙa kwance buhu ana ɗiban tiya ɗaya ɗaya. Don haka buhuna kan katako za su hau, nesa da bango, kuma wanda aka kwance a ranar za a rabar da shi. Wake mai ɗanye da wasu suka kawo ba a mayar ba, yana kan tabarma a rana.

Rabo ba yanzu ba. Da kaka kowa na da ɗan abin sawa a tukunya. Sai daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, farashi ya hau a kasuwa, ga noma na neman ƙarfi. Maimaitawar Shari'a 14:28-29 ta lissafa masu rabo: Balawe, baƙo, maraya da gwauruwa. Dattawa da shugabannin mata za su bi unguwa unguwa su rubuta gidaje, domin kada a maimaita gunagunin Ayyukan Manzanni 6, inda aka manta da wasu gwauraye wajen rabon abinci. Ba za a kira sunan kowa a gaban taro ba, da yamma za a kai gida. Wanda larura ta taso masa kafin lokacin, ya sami dattijon unguwarsu.

Masu dawa da ba su gama girbi ba, ɗakin ajiya a buɗe yake kowace Asabar da safe. A zo da ita busasshiya, a buhun da ba a taɓa zuba takin zamani ko maganin ƙwari a ciki ba.

Kwamitin rumbun ikilisiya, Maradi