Dick LeBeau, Tsohon da Ya Shekara 59 Yana Tsaron Baya

Ni dai ban san Dick LeBeau ba sai a watan Fabrairun 2009, daren Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar ƙwallon ƙafar Amurka, tsakanin Pittsburgh Steelers da Arizona Cardinals. Wasan nan wajen sha biyu da rabi na dare agogonmu ake farawa, gida duk an yi barci ni kaɗai a gaban talabijin da shayi. Saura daƙiƙa 18 a tafi hutun rabin lokaci Arizona sun zo dab da bakin layi, kowa ya sakankance za su ci, sai Kurt Warner, mai jefa wa Arizona ƙwallo, ya jefa kawai ta faɗa hannun James Harrison na Steelers, mutumin da ya kamata a ce yana can yana rugawa kan Warner ɗin amma ya ja da baya ya laɓe. Ya kwashi ƙwallon nan ya yi gudun yadi 100 cur, yana kaiwa ya zube ƙasa ko tashi ya kasa. Steelers suka ci wasan 27 da 23. Masu sharhi kuma sai ambaton wani tsoho suke ta yi, mai shekara 71, wai shi ne kocin masu tsaron Steelers, wato Dick LeBeau.

Tun daga ranar nake bibiyar labarinsa, kuma wallahi har yau ban ga wanda ya burge ni kamarsa ba a ƙwallon ƙafar Amurka.

An haife shi 1937 a wani ƙaramin gari mai suna London a jihar Ohio, ba Landan ta Ingila ba. Ya yi wasa a jami'ar Ohio State ƙarƙashin koci Woody Hayes, yana cikin waɗanda suka zama zakarun ƙasa a 1957. Cleveland Browns suka zaɓe shi a 1959 a zagaye na biyar na zaɓen sababbin 'yan wasa, amma tun ba a fara kakar wasa ba suka sallame shi, sai Detroit Lions suka ɗauka. Abin da wani ya yar shi wani ke tsinta, don shekara 14 ya yi musu, har 1972, kuma ƙwallo 62 ya cafke daga hannun abokan hamayya, har yanzu babu ɗan Lions da ya kamo wannan adadin.

Ga wanda bai saba da wasan ba, aikin mai tsaron gefe yana cikin mafi wuya a filin. Kai kana gudu da baya da baya, wanda kake gadi yana gudu gaba kuma shi ya san inda za shi kai ba ka sani ba, in ka tsare shi sau arba'in babu mai tafa maka, in ya wuce ka sau ɗaya kowa ya ga lambar rigarka. LeBeau ya buga wasa 171 a jere a wannan wurin bai tsallake ko ɗaya ba. Matsalarsa ɗaya, ya yi zamani da manya a ƙungiya guda, su Dick Lane da Yale Lary, daga baya Lem Barney, sai hasken ya tafi kansu, su aka riƙa sakawa a zauren gwaraza na garin Canton, inda ake karrama fitattun wasan, shi aka bar shi a baya.

Yana ajiye takalmi a 1972 ya fara koyarwa a 1973 a Philadelphia, daga nan Green Bay, sai Cincinnati a 1980. To a nan Cincinnati ne ya gina abin da ake kira zon bilits, kuma nan ne na fi son labarin. A lokacin masu kai hari sun gano gajeruwar jifa cikin sauri, kafin ka isa kan kwatabak, wato mai jefa ƙwallo, ƙwallon ta bar hannunsa, in kuma ka tura mutane da yawa kansa ka bar bayanka a buɗe. LeBeau ya je ya zauna da Bill Arnsparger, wani tsohon gwanin tsaro, suka tattauna yadda za a matsa wa mai jifa ba tare da an yi caca da baya ba. Dabarar da ya fito da ita, ƙaton da ke layin gaba wanda kowa ya san gaba zai yi, sai ya ja baya ya tsare fili, wanda kuma ake zaton zai tsaya a baya sai ya rugo ta inda ba a zata. Mutum biyar kacal suka zo amma kwatabak gani yake kamar garin ne gaba ɗaya, ya yi saurin jefawa inda ya ɗauka babu kowa, ashe akwai ƙato a tsaye. Wanda ya yi shekara 14 yana karanta idon mai jifa ne kawai zai yi irin wannan tunanin. Shi ya sa ko da Harrison da kansa ya yanke shawarar ja da baya a daren nan, ni dai tarbiyyar tsohon na gani.

Ba wai komai ya tafi masa daidai ba fa. Sau biyu Cincinnati suka je Super Bowl yana cikin masu horarwa, sau biyu San Francisco ta doke su, na biyun ma kwatabak ɗinsu Joe Montana ne ya ratsa tsaronsa ya ci saura daƙiƙa 34. Da aka ba shi babban kocin Cincinnati a 2000 abin bai yi kyau ba, wasa 12 ya ci ya sha kashi 33, a 2002 biyu kacal suka ci cikin 16 aka sallame shi. Abin da ke ɓata min rai shi ne masu auna shi da wannan shekara ukun kawai. Akwai wanda Allah ya yi shi don sarauta akwai wanda ya yi shi waziri, kuma shi da ya koma Pittsburgh a 2004 a matsayin mai kula da tsaro, yana da shekara 66 lokacin da sa'o'insa suke hutawa da jikoki, sai da ya ɗauki kofi biyu, na farkon ma a Detroit aka buga, garin da ya yi wasa da ƙuruciyarsa.

Yaransa kuwa uba suka ɗauke shi, su Troy Polamalu da sauransu. Ba mai ihu ba ne, duk lokacin Kirsimeti yakan tara su ya karanta musu wata doguwar waƙar yara da ka, ƙarti su yi tsit suna saurare. Sun taɓa zuwa filin wasa sanye da tsohuwar rigarsa ta Lions mai lamba 44. Da aka saka shi a zauren gwaraza a 2010, shekara 38 bayan ya daina wasa, ƙungiyar Steelers ta bar sansanin atisaye ta shiga mota har Canton don su gan shi a kan dandamali. Ya bar Pittsburgh bayan kakar 2014, ya ƙara shekara uku a Tennessee, wasansa na ƙarshe a bakin fili yana da shekara 80.