Abin da na koya kafin in ajiye aikin sasanta rikici a Kano

Na miƙa takardar ajiye aiki a ƙungiyar da nake yi wa aikin zaman lafiya a nan cikin birni. Waɗanda muka yi aiki tare sun san dalili, ba sai na kama sunan kowa ba, amma akwai maganar da ba zan tafi da ita a ciki ba.

Masu taruwa su daki mutum har ya mutu, mutanen da muka sani ne. Mai shayi ne, ɗan kasuwa ne da yanzu ya idar da la'asar, yaron shago ne da kullum yake durƙusawa ya gaishe ka. Ba wanda ya baro gida da niyyar kisa. Wani ne zai ƙwalla ihun ɓarawo ko yace an yi ɓatanci, wani ya kai mari, na bayansa yaga ai an riga an fara sai ya rarumo dutse, wani ya garo taya, wani ya zuƙo fetur a mashin ɗinsa, sauran kuma sun ɗaga waya suna ɗaukar bidiyo, kowa yana ganin nasa ɗan kaɗan ne. Ka tambaye su washegari me mutumin ya yi, wallahi yawanci "ji na yi ana faɗa" zasu ce maka.

Kuma kafin a taɓa shi sai an fara raba shi da mutuncinsa. A Ruwanda a 1994 rediyo ce ta dinga kiran 'yan Tutsi kyankyasai. A Uromi ta jihar Edo, watan Maris na 2025, mafarautanmu 16 da suka taso daga Fatakwal zasu zo gida sallah cewa kawai aka yi masu garkuwa da mutane ne, aka ƙone su. Mun yi kuka kuma da gaskiyarmu. To amma mu ma a kasuwar Ƙofar Wambai aka kashe dattijuwa 'yar kasuwa a 2016 kan zargin ɓatanci, ba alƙali ba shaida. Hanyar ɗaya ce.

Abin da na gani da idona yana aiki shi ne fuskar da aka sani ta iso da wuri. Mai unguwa ko liman ya ratsa cikin taron yana kiran mutane da sunansu, "kai wane ɗan gidan wane, ajiye itacen nan, na san babanka." Nan take zaka ga hannu ya yi sanyi, don an fito da shi daga cikin taro ya koma shi kaɗai. Sai a tura wanda ake zargi cikin shago a ja ƙofa a kira DPO. Liman Abdullahi Abubakar na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi ta jihar Filato haka ya yi a 2018, ya ɓoye ɗaruruwan mutane, yawancinsu Kiristoci, a masallaci da gidansa, ya tsaya ya ƙi miƙa su ga maharan da suka biyo su.

Shi yasa na haɗa jerin lambobi na masu unguwanni, limamai, 'yan sintiri, shugabannin 'yan kasuwa da na 'yan adaidaita, ana saka musu ɗan kati duk wata. Kuɗin bai kai na shayin bita ɗaya a otal ba. Oga ya soke shi, wai ba abin da za a nuna wa masu ba da tallafi, kati ba ya fitowa a hoto. Shi dai a kama ɗakin taro mai sanyi, a rataya bana, a gayyato fuskokin nan dai da suka haddace jawabin, a raba alawus a watse. Na yi magana a mitin yace "kai yaro ne a aikin nan." Bayan nan aka rutsa da wani yaro kan zargin ƙwacen waya a yankina, ɗan sintirin da ke wurin ba shi da ko sisi a waya, filashin ya dinga yi min, kafin in gani in kira in samo mai unguwa an riga an yi wa yaron illar da har yau ba ya tafiya daidai. Wayar ma ba a same ta a jikinsa ba. Ni aka ba takardar tuhuma, a gaban kowa, wai na yi sakaci da yankina. Rigingimun da muka kashe kafin su tashi kuwa, duk da sunansa suka shiga rahoto. Allah Ya isa ban ce ba, amma ban manta ba.

Ga wanda zai gaje ni: in an miƙa mutum ga 'yan sanda ka bi maganar har kotu ka dawo ka faɗa wa unguwa inda aka kwana, don "gobe za a sako shi" ita ce hujjar da kowa ke kawowa. Jita-jitar WhatsApp ta fi yawa bayan isha'i, kar ka kashe waya. Ka ja mata a jiki, suna jin labari kafin kowa.

Oga yace in bar jerin lambobin a ofis tunda kayan ƙungiya ne. Na bar masa, amma mutanen lambata ce a wayarsu, kuma na ce musu su ci gaba da filashin ko tsakar dare ne, zan kira.