Teyatur a lakwal ba sai da kuɗi ba

Yaran lakwal na Damagaram, masu cewa ba ku iya teyatur ba, to tashen da kuke yi cikin azumi mene ne? Ai wasan kwaikwayo kenan, akwai labari, akwai 'yan wasa, ga 'yan kallo. Tun zamanin ƙungiyar matasa ta Samariya a fili ake yin teyatur, tabarma da tsohuwar babbar riga sun isa.

Amma dole labarin ya zama da rikici, misali uba na son aurar da yarinya ita kuma tana son karatu, in babu wannan wallahi mutane hamma za su yi ta yi. Kuma don Allah a daina juya wa 'yan kallo baya, a ɗaga murya har na layin ƙarshe ya ji.