Daga kujerar banki zuwa saman kwano

Ranar da na faɗa wa Hajiya zan ajiye aikin banki, tana tsinkar zogale ne a tsakar gida. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Korarka suka yi?" Na ce a'a, ni ne na gaji. Ta ce, "To me za ka koma yi?" Na ce haɗa wutar sola. Sai a nan ta ajiye tire ta dube ni. "Wato hawa kwanon mutane. Da digirinka."

Shekara takwas na yi a banki a Kano, daga 2013 zuwa ƙarshen 2021, kusan duka a sashen nemo masu ajiya. Wanda bai yi aikin ba kwat da sanyin ofis kawai yake hange. Mu kuwa abin da muka sani shi ne taron safiyar Litinin, inda ake karanto sunan kowa da adadin kuɗin da aka ɗora masa ya kawo da abin da ya iya kawowa, a gaban kowa. Tun daga la'asar ɗin Lahadi gabana ke fara faɗuwa.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan manaja. Aka canja mini reshe, na yi aiki da manajoji uku, na ƙarshensu ma mutumin kirki ne da ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba, amma faɗuwar gaban nan ba ta daina ba. Inda na gane ainihin ciwona a wurin ta'aziyya ne. Muna zaune a kan tabarma ana addu'a ga mamaci, ni kuwa ina satar kallon wani ɗan kasuwar Kwari da ke gefena, ina lissafin yadda zan karɓi lambarsa kafin a watse. Da na koma mota kunyar kaina ta kama ni. Aikin ya mai da duk wata hulɗa tawa farauta: ɗaurin aure, suna, zumunci, har sahun masallaci. Ga kuma maganar riba da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, bai taɓa sakin jiki da ita ba, ni ma kuma danne ta kawai nake yi.

Wani abokin aikina da muke kuka tare ya koma wani bankin, yau shekara biyar yana jin daɗinsa. Shi matsalarsa mutum ɗaya ce, da ya rabu da shi ya warke. Da ya biyo ni ya bar harkar gaba ɗaya, da ya saki reshe ya kama ganye. Shi ya sa duk wanda ya zo mini da zancen barin aiki, tambayar da nake fara yi masa ita ce: in aka ɗauke maka ogan nan gobe, aka kuma ƙara maka albashi, za ka zauna? In ya yi jim kafin ya amsa, na san wurin aiki yake buƙatar sakewa, sana'arsa lafiyarta ƙalau.

Ban fita da ka ba. Bayan kullen korona na 2020 na fara bin wani mai haɗa sola duk Asabar, kyauta, fiye da shekara guda kafin na rubuta takardar ajiye aiki. Na tara abin da na lissafa zai riƙe gida wata shida, ya ƙare a wata huɗu, don ban sa rashin lafiyar yaro da bikin ƙanwar matata a lissafi ba. Abin da ya rufa mini asiri shi ne dokar fansho ta 2014, wadda ta ba wanda ya rabu da aiki kafin shekara 50 damar cire kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa in ya yi wata huɗu bai sami wani aikin ba. Da shi na sayi kayan aiki da tsani da tsohon babur.

Duk wannan na kuɗi ne, kuma na san da shi tun kafin na fita. Abin da ban shirya masa ba shi ne zubewar suna.

Maigidana a sana'a na girme shi da shekara takwas, kuma makarantar koyon sana'a ya yi, bai je jami'a ba. Makonnin farko "Yallaɓai" yake ce mini, kuma in za a ɗauko batir daga mota sai ya tura yara ya bar ni a tsaye riƙe da littafi. Na ga in aka ci gaba a haka zan shekara ban iya murɗa waya ba. Na same shi na ce, "Oga, don Allah ka daina ce mini Yallaɓai. Ka aike ni kamar yadda kake aiken su." Ya yi dariya ya ce in na ji zagi kada na yi fushi. Na kuwa ji shi. Ranar da na juya wayoyin batir na ƙona masa na'urar caji, abin da ya faɗa mini a gaban yara 'yan shekara 17 manaja bai taɓa faɗa mini irinsa ba. Amma da dare na yi barci lafiya lau, abin da ya ba ni mamaki ke nan.

Wadda ta fi zafi ita ce ranar da muka je aiki wani gida a Nasarawa, ashe na wani Alhaji ne da na taɓa buɗe wa asusu. Ya fito ya hango ni a saman kwano, jiƙe da gumi, ya yi salati ya ce, "Manaja, me ya faru?" Kafin mako ya zagayo labari ya iso unguwarmu cewa kuɗin mutane na taɓa aka kore ni. A wurinmu ba a yarda mutum zai bar albashi da ƙafarsa ba, dole akwai abin da ake ɓoyewa. Matata ta sha tambayoyi a gidajen biki fiye da ni, kuma ban kyauta mata ba da ban zaunar da ita tun farko na faɗa mata wannan ma yana cikin abin da za mu biya. Shawarar kuɗi kawai na yi da ita.

Aikina na farko ni kaɗai asara na tafka. Batir mai ruwa na bolt 12 da amfiya 200 a takarda yana ɗauke da wat 2,400 na awa guda, amma in kana son ya yi ƙarko rabinsa kawai za ka riƙa sha. Na san wannan. Abin da ban yi ba shi ne tambayar mutanen gida yadda suke rayuwa. Na ƙirga fanka da ƙwai da talabijin, ban san uwargida na guga da dutsen lantarki kullum da asuba ba, lokacin da batir ya riga ya kwana yana aiki. Ga shi na ajiye shi a ɗakin da ba iska, zafin Afrilu ya gama da shi. Daga aljihuna na sake musu wani. Yanzu kafin na taɓa waya sai na nemi a tambayo mini matan gida, don maigida sau da yawa bai san abin da ake kunnawa a bayansa ba. Kuma sai na nuna wa wani yaro a gidan yadda zai riƙa wanke farantan sola, saboda ƙurar hunturu na rage musu ƙarfi sosai, mai gida kuma ni zai kira ya ce na sa masa jabu.

Ba zan ɓoye sa'a ba. Da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, masu janareta suka fara nemanmu da kansu. Ba hangen nesana ba ne, Allah ne ya kawo. Faɗuwar naira da ta biyo baya kuma ta kusa karya masu sana'ar da yawa, don kayan daga waje suke zuwa: ka ba mutum farashi yau, jibi ka je Sabon Gari ka tarar ya tashi. A nan ne shekaru takwas ɗin da nake ganin na ɓata suka yi mini rana. Na iya rubuta takardar farashi mai wa'adin kwana uku, na iya raba uwar kuɗi da riba, ba na cin kuɗin aikin wani na toshe na wani. Har Oga, da ya koya mini riƙe filaya, yanzu ni nake duba masa littafinsa duk ƙarshen wata.

Akwai abin da nake kewa. Saƙon albashi na ranar 25 ga wata, da asibitin da ake kai yara ba a tambayi ko sisi ba. Akwai damina da aiki ke ɗaukewa na yi mako biyu ina zaune a shago ina kallon titi, sai zuciya ta fara raya mini cewa Hajiya ta fi ni gaskiya. Gwiwoyina ma sun fara ƙorafin tsani, kuma na san ba zan kai shekara 55 ina hawa ba, shi ya sa na ɗauki yara biyu ina koya musu.

Bara na haɗa wa Hajiya nata: faranti biyu, batir ɗaya, fanka da ƙwai huɗu. Har yau in baƙi sun tambaye ta aikina cewa take, "Da dai a banki yake." Sai dai in an ɗauke wuta unguwa ta yi duhu, maƙwabta sun taru a tsakar gidanta suna cajin waya, nakan ji ta daga zaure tana faɗa musu kada wanda ya kuskura ya jona mata dutsen guga.